Shamakin da Bai Iso Ba

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da ƙirjin nan naki mai fito kamar buta a kan wuta. Mu nan lafiya lau. Uwar yara tana gaishe ki, gwiwarta ta yi sauƙi. Ni ma ƙalau nake in ban da wauta, ita kuwa har yau ba a buɗe mata asibiti ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. To, wayata ta rasu, kuma ni na kashe ta. An ce cutar nan tana maƙalewa a jikin waya, a riƙa gogewa. Ni kuwa kin san ba na aiki rabi da rabi. Na haɗa ruwan bilic a kwano, na tsoma ta, na bar ta ta jiƙa kamar farar riga. Da na ciro ta fes take, babu ƙwayar cuta ko ɗaya, babu lambar kowa ko ɗaya. Mai gyara ya juya ta, ya shinshina, ya yi min ta'aziyya. Dama ba kira nake da ita ba, kin san injin yanka katako ya cinye min kunnuwa tuntuni, saƙo kawai nake karantawa. Yanzu da kowa ya rufe baki da takunkumi, ko leɓen mutum ba na gani balle in cinki abin da yake cewa. Shekaranjiya wani ya daɗe yana min bayani, ina gyaɗa kai ina murmushi, ashe mahaifinsa ne ya rasu.

Direban da ke kai katako garinku shi zai riƙa kawo miki takarda, ki ba shi amsa ya dawo da ita. Ki yi haƙuri da rubutun, tun a aji huɗu ni da boko muka yi hannun riga.

Ga abin da ya kawo ni. An buɗe jami'arku don 'yan ajin ƙarshe su zo su rubuta jarrabawa, ke kin fi ni sani tunda ke kike share musu azuzuwa. An ce ɗakin da ke ɗaukar ɗalibai takwas yanzu huɗu zai ɗauka. Aka yi ƙuri'a, 'yata Uwata, wato 'yarki, ba ta samu wurin kwana ba. Sa'ar ubanta ta ɗauko. Masu gidajen haya kuma sun ce ba sa son ɗalibi, wai su ke yawo da cutar. In ba ta zauna jarrabawar nan ba sai baɗi, in Allah ya kai mu baɗin.

Ta ce bari ta kira ki a wayarta, na ce a'a, roƙo irin wannan ba a aika yaro. Na san zumuncinmu ya yi nisa, kakarki da kakata ne uwa ɗaya, sai an hau tsani ake hango shi. Amma a garin nan kaf ke kaɗai ce jinina. Ki ba ta gefen tabarma na 'yan makonni. Ba ta da ci, ba ta da surutu, ba ta biyo ni ba.

Ƙaninki,
Kurman kafinta

*

Kafinta,

Na amsa sallamarka. Na yi dariyar wayar har sai da na nemi abin shaƙata. A gaida uwar yara. Ƙirji yana nan yadda ka san shi, ya ɗan ƙara.

Bari in gaya maka abin da ake kira buɗe makaranta. An shafa jan fenti a kan bencuna, nan a zauna, nan kar a zauna. Yara su zauna nesa da juna kamar masu gaba, ana tashi su fita bakin ƙofa su rungume juna. An kafa bokitai masu famfo a gaban kowane aji, rabin yini babu ruwa, in akwai ruwa babu sabulu. Mu masu shara an rage mu, aiki ya ninku. Duk ajin da aka fita sai mun goge tebur da kujera da hannun ƙofa kafin wasu su shiga. Bene nake hawa da bokiti har sama. Irin ruwan da ya kashe wayarka shi nake shaƙa tun safe.

A babbar ƙofa akwai masu gadi da wata bindigar roba mai auna zafin jiki, suna ɗora wa mutum a goshi. In ta ce da zafi, sai a wuce da kai tsohon ɗakin wasanni inda aka jera gadaje, a killace ka mako biyu. Jarrabawa ba ta jiran kowa.

Likitan ma'aikata ya ce masu asma irina mu zauna a gida. Wane gida? Ɗakin da nake ciki na makaranta ne, a bayan gidan janareta, taga ɗaya mai kallon bango. Ranar da na ajiye tsintsiya, ranar zan ba da makulli. Kuma an hana mu ajiye ɗalibai.

Na so in ce maka a'a, ka ji gaskiya. Amma na tuna da mijina ya rasu, kai ka zo ka ɗaure min rufin ɗaki ba wanda ya aike ka. Ta zo. Sharaɗina ɗaya ne: ka yi min shamaki na katako da zai raba ɗakin biyu daga ƙasa har sama, da 'yar ƙofa a jiki. Ita ta ɗauki ɓangaren ƙofa, ni na taga. Kullum cikin ɗaruruwan mutane za ta shiga, ni kuwa ba ni da huhun canji. Ban iya awonku ba, da igiya na auna, ga ta nan cikin ambulan. Ƙulli na farko faɗi, na biyu tsayi. Ka haɗo shi da yarinyar. Kar ka ce min gobe, na san gobenka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Allah ya saka miki, ya sa ki gama lafiya. Uwar yara ta yi kuka da na karanta mata, ni ma na yi, amma na ce garin katako ne ya shiga idona.

Ga Uwata nan da jakarta da littattafanta masu nauyin ƙyaure.

Shamaki kuwa na yi shi, wallahi na yi shi, har da 'yar ƙofa mai sakata. Yana jingine yana shan iska sai ga mai kantin magani na layinmu. Ya gan shi, ya ce irinsa yake nema ya tare tsakaninsa da masu zuwa suna masa tari a fuska. Ya marairaice, ni kuma kin san fuskata ba ta iya a'a ba. Na fasa masa taga a jiki na kafa masa. Naki zai fi wannan, katako mai kauri, har fenti zan shafa. Mota mai zuwa. Kafin nan ki rataya zani. Cutar nan in ta ga zanin babbar mace ai za ta ji kunya ta koma.

Ƙaninki mai laifi

*

Baba,

Ina gaishe ka da Umma. Na iso lafiya, kuma lafiyata ƙalau.

Goggo ta karɓe ni hannu biyu. Ta karanta takardarka a tsaye, ba ta yi dariya ba. Ta leƙa bayan motar, ta dawo, ta ɗaura waya daga ƙusa zuwa ƙusa ta rataya zanin gado. Ina jin numfashinta ta bayan zanin kamar ana goga takarda. Ta bayan gidan janareta nake shiga da fita don kar a gan ni. Kwanona daban, kofina daban, amma iskar ɗaya ce.

Zauren jarrabawa tagoginsa ba sa buɗewa duka, wasu an yi musu walda tun da. In mutum ya yi tari kowa sai ya waiwayo, don haka kowa haɗiye nasa yake. Tsohon malamin da ke tsaron mu yana sauke takunkumi in zai yi magana, don in bai sauke ba ba a jin sa.

Baba, ƙawata da muke karatu tare, bindiga ta kama ta ranar takardar farko. Zazzaɓin sauro ne, an gwada an gani, amma sai bayan an rubuta takardu biyu babu ita. An ce ta dawo baɗi. Na hango ta ta tagar ɗakin wasanni, zaune a kan gado da littafi a cinya, ba ta karantawa. Ubanta gona ya sayar don karatunta.

Na fi tsoron bindigar nan a kan jarrabawar.

Don Allah ka aiko da shamakin. Goggo ba ta ƙara maganarsa ba, shi ya sa nake yi.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa daga tsohon kurma. Muna lafiya. Ummanki ta ce ki riƙa ci, kar karatu ya tsotse ki.

Me nake ji haka? Ni ne nake sa hannu kusa da zarto mai juyawa tun kafin a haife ki, yatsuna tara da rabi suna nan, ke kuma bindigar roba ce za ta kaɗa miki hanji? Ko harsashi ba ta da shi. Goshi take tambaya, ba ta tambayar ciki. In kin ji jikinki ya yi ɗumi, ki haɗiyi maganin zazzaɓi biyu, ki wanke fuska da ruwan sanyi, ki wuce ta gabanta kina taƙama. Ni ban haifi wadda roba za ta hana digiri ba. Shekara da shekaru ina cin garin katako don in ga ranar nan, har na zaɓi katakon da zan yi wa takardarki firam. In kin dawo babu ita, ke zan sa a ciki in rataye.

Ki ce wa Goggonki shamaki yana hanya. Fenti ne bai bushe ba.

Babanki

*

Yaya,

Sallama. Da fatan kuna lafiya, don ni ban san komai ba. Wata ya kusa zagayowa babu takarda daga gare ku. Mu nan lafiya, sai dai an rufe hanya, motar abinci da ta magani da ta gas kaɗai ke wucewa. Wannan ma mai motar iskar gas na roƙa ya kawo miki.

Na san fushi kike. Kin kyauta, na cancanta. Na sa maƙwabcina ya kira lambar Uwata, ya ce ta ce "lafiya lau" ta kashe. Na ce to, Goggonta ta koya mata yadda ake horon ɗan'uwa. Amma Yaya, fushi da kurma asara ne, shirun da kike min shi nake ji dama tun safe har yamma.

Shamakinki ya gamu. Shuɗi ne, katako mai kauri, sakatar ƙarfe. Duk wanda ya shigo shago sai ya shafa shi, na ce a'a, wannan na sarauniya ne. Na ce wa direba ya gaya wa masu tsaron hanya magani ne. Ya ce wane irin magani? Na ce maganin fushin mata. Bai yarda ya ɗauka ba.

Ki rubuto ko da zagi ne. Zagin ma ina karantawa a hankali, yana daɗe min.

Ƙaninki

*

Baba,

Ina gaishe ku. Ni na warke. Goggo tana asibiti.

Na karɓi takardarka ta Goggo, ni na buɗe, don ba a shiga mata da komai. Ba fushi ba ne. Na rasa yadda zan fara ne.

Saura takardu biyu in gama na tashi da zazzaɓi. Takardarka tana cikin littafina, na sake karanta ta. Na haɗiyi ƙwaya biyu, na tsaya a bokitin bakin ƙofa na wanke fuska, aka ɗora min bindiga ta ce lafiya. Na shiga na rubuta. Washegari na sake. Ranar ce na lura ba na jin warin bilic a hannun Goggo, alhali da shi nake sanin ta shigo. Na gane cutar ce, amma na ɓoye.

Goggo ta ji ina nishi. Ta ce, "Ke, mene ne?" Na ce ciwon kai ne na karatu. Ta ce, "Ƙaryar ubanki ce a bakinki." Ta ɗaga zanin ta shigo ɓangarena, ta ɗora hannu a goshina, ta ce, "Wannan ba karatu ba ne." Na ce ta koma. Ta ce, "In koma ina? Ɗakin ai ɗaya ne." Ta jiƙa tsumma ta zauna a gefena.

Bayan 'yan kwanaki ta faɗi a kan bene da bokitinta. Abokan aikinta suka ɗauko ta. An sa mata iskar oksijin, an kwantar da ita ruf da ciki. Ta gilashi nake ganinta. Lokacin da maƙwabcinmu ya kira ina tsaye a wurin, shi ya sa na kashe.

An sake rufe makaranta. Mutane da yawa daga zaurenmu sun kwanta. Tsohon malamin nan mai sauke takunkumi ya rasu. Shi ya karɓi takardata daga hannuna. Ban sani ba ko ni ce. Wataƙila akwai wasu da suka yi abin da na yi, don mai kantin bakin ƙofa maganin zazzaɓinsa ƙarewa yake kullum. Babu wanda zai taɓa sani.

Ban ce laifinka ba ne, ni na haɗiya. Amma ina so ka gaya min abu ɗaya. Wasa kake, ko da gaske kake? Na karanta har takardar ta yage a ninki, ban gane ba. Tun ina ƙarama haka kake magana, ba na sanin inda wasan yake tsayawa.

Ba zan dawo yanzu ba. Kar ka gaya wa Umma duka.

'Yarka

*

Kafinta,

Na amsa gaisuwarka, takardunka uku sun zo, yarinya ta karanta min. Ita ke rubuta wannan, ni ina faɗa ina hutawa.

An sallame ni. Ban mutu ba, ka daina rubuta min kamar gawa. Daga gado zuwa ƙofa sai na zauna a hanya. Likita ya ce huhun ya yi tabo, abin da ya dawo ya dawo, saura sai haƙuri. Bene kuwa mun yi sallama da shi.

Ofis sun san na ajiye ɗaliba. Ko ba su sani ba, mai shara da ba ta ɗaga bokiti ba mai shara ba ce. Sun yi min magana mai daɗi, sun ce ƙarshen wata in ba da makulli.

Kar ka aiko da shamaki. Babu ɗakin da za a raba. Na tambayi likita ko da katako zai tare, ya ce da wuya. To ka ji, kar ka kashe kanka a kan wannan. Ko da akwai shi, da na buɗe 'yar ƙofar na shiga, yarinya tana nishi. Amma abu ɗaya tak na roƙe ka, shi kuma ka ɗauka ka ba mai kantin magani.

Sakamako ya fito, 'yarka ta ci, da kyau ma. Ta ƙi gaya maka, ta ƙi murna. Ka ce mata ta yi. An riga an biya, kar a yi asara biyu.

Ban san inda zan nufa ba tukuna. Kar ka tambaye ni.

Ka dawo min da igiyata, ta shanya ce.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan muna nan. Na gaya wa uwar yara duka, ba ta yi min magana ba tun ranar, kuma wannan karon na san ba kunnena ba ne.

Na zauna in fara da abin dariya yadda na saba, biro ya ƙi.

Uwata, tunda ke ce mai karantawa, ga amsarki. Na so in ce wasa nake, don shi ne mai sauƙi. Da na rubuta ina dariya, wannan gaskiya ne. Amma da kina gabana da zazzaɓin, saura takardu biyu, kika ce Baba in sha ko kar in sha, ban san abin da zan ce ba. Ina jin juya kai zan yi in ce ban ji ba. Kin karanta daidai. Ni ne na saba naɗe magana a cikin wasa, in ta yi kyau tawa ce, in ta ɓaci in ce ai wasa nake. Firam ɗin yana nan. Ba zan ce ki yi murna ba, Goggonki ta riga ta ce, kuma ita ke da iko.

Yaya, kin ce kar in tambaye ki inda za ki, ban tambaya ba. Labari kawai zan ba ki. Na kwashe katakon da ke ɗakin ajiya na tsakar gida. Na auna da igiyarki, na ƙara ƙulli ɗaya a kan faɗin. Na fasa taga biyu, ɗaya tana kallon bishiya. Na sare dokin ƙofa, babu inda za ki ɗaga ƙafa. Shamakin shuɗi na tsaga shi, shi ne murafun tagogin, 'yar ƙofarsa kuma ta zama ta kabad. Ko banza ya yi aiki a ɗakinki.

Injin ma na kwance shi. Uwar yara ce ta nuna min garin katakon da ke kan kwanuka, ta nuna ƙirjinta, ta juya ta tafi. Na kai shi wata rumfa can bakin titi, inda ruwa ke zuba. Gidan ya yi shiru, in ji su. Ni dai ban ga bambanci ba.

Igiyar ba zan aiko ba. Na ɗaura ta daga tagarki zuwa bishiyar, mai ita ta zo ta kwance abarta.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Nawa huhu ne, kuma ba a cikina yake ba, a cikinki yake. Ba na ce ɗaki zai biya ba. Ban san abin da ke biya ba, aji huɗu ba a koya mana ba.

An buɗe hanya. Ranar da za ki ba da makulli direba zai tsaya a bayan gidan janareta, na shimfiɗa katifa a motar. In kin shiga, to. In ba ki shiga ba, ki gaya masa inda kike, zai sake zuwa mako na gaba, da na bayansa. Wani ya riga ya leƙo ɗakin ya ce a ba shi haya. Na ce masa a'a, Yaya. Da bakina na faɗa, kuma an ce da ƙarfi ya fito.

Aikin ɗakin ya ƙare, saura rufi.

Ƙaninki